Abin da Hajara Ta Goge

Tungar Gwanki tana bakin ruwan da ake tatsar lantarki daga jikinsa a raba wa birane. Ita kanta tungar ba ta taɓa ganin ƙwan fitila ya kama ba. Saboda haka duk ranar kasuwar Yelwa, Illo yakan bi ɗakunan gidansu da wani buhun gishiri da aka wanke, kowa ya jefa wayarsa a ciki, ya tafi da su caji. Shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma tun da wayoyi suka shigo, girman nasa ya sami buhu.

Saura kwana tara azumi ya tsaya a tsakar gida ya yi gyaran murya.

"Yau kowace ta kawo har da memori. Za a share waƙe-waƙen banzan nan a zuba muku wa'azi."

Hajara, matar ƙanensa Bilyaminu, tana tsugune tana fere kifi. Mijinta ya tafi kamun kifi can wajen Lakwaja tun farkon damina. Kullum kafin buhu ya iso ƙofarta takan sa farce ta zare memorin, ta ƙulle shi a bakin ɗankwali. Akwai hotuna huɗu a ciki. Wata guda ke nan da ta ji wani ƙululu kamar ƙwallon magarya a nononta na hagu, ta je asibiti a Yelwa. Sista Uwani, ma'aikaciyar jinya, ta taɓa wurin ta dudduba shi. Daga baya ta ce likitocin tiyata za su zo daga Sakkwato, amma ba a sa rana ba. Ta ce Hajara ta riƙa ɗaukar hoton wurin duk Jumma'a, a ga ko yana girma, ta kuma riƙe wayarta kusa, don ranar da aka sa za ta kira ta.

"Yaya," in ji Hajara, kanta a ƙasa, "nawa babu waƙa ciki."

"To mi ad ciki?"

Akwai kalmomin da mace ba ta furtawa a gaban wan mijinta, wadda ake bukata a nan tana daga cikinsu. Ta wanke hannu ta shiga ɗaki. Wayar ta tambaye ta da Turanci sau huɗu, ta amsa mata da babban yatsa sau huɗu, hotunan suka ɓace. Ta fito ta jefa wayar a buhu da ranta a kwance.

Shagon Auwal mai kwamfuta yana bayan tashar kabu-kabu. A bango akwai takardar difloma cikin gilashi, a ƙofa akwai allo: MUNA CAJI, MUNA TURA WAƘA DA WA'AZI, MUNA DAWO DA ABIN DA YA GOGE. Ƙa'idar aikinsa ita ce duk memorin da ya shiga kwamfutarsa sai ya fara kwashe abin da ke ciki kakaf ya zuba a wani wuri da ya sa wa suna Ajiya. Ya ce don amfanin masu kayan yake yi. Fuskar kwamfutar kuma ƙofa take kallo, don masu zaɓen fim su gani daga benci.

Illo ya zazzage buhu, ya duƙa kusa da kunnen Auwal.

"Kafin ka share, hiddo mini abin da sunka goge in gani. Wanda bai da abin ɓoyo ba ya gogewa."

"Ƙaramin aiki na, Alhaji," in ji Auwal. Illo bai je Makka ba, amma bai taɓa gyara wa kowa wannan kuskuren ba.

Memori na farko waƙar Indiya ce da hoton akuya. Na biyu sunan Allah cikin furanni. Na uku hotuna huɗu ne, suka cika fuskar kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Maza bakwai da ke kan benci suka miƙo wuya.

Babu fuska a ko ɗaya. Hannu ne ya ɗaga riga, sai abin da ke ƙasan rigar, sai bangon da ke baya: jeren kwanukan langa, da wani agogo mai siffar kifi. Da Illo ya kama bakinsa, da ba na kowa ba ne.

"Innalillahi! Wanga ai ɗakin Bilya na! Ga agogon nan da ya kawo daga Anacha!"

Nan take hoton ya sami suna, da miji, da gari.

Illo bai yi wa Hajara magana kai-tsaye ba, don shi mutum ne mai kunya. Ya tsaya a tsakar gida yana fuskantar mahaifiyarsu, yana ɗaga murya yadda har maƙwabta za su amfana.

"Inna, tambaye ta wa ta aika wa."

"Ban aika wa kowa ba," in ji Hajara daga bakin ƙofa. "Sista ta ce in ɗauka. Inna ta san da ciwon. Ita ta raka ni."

Inna ta dubi ɗanta, ta dubi ƙasa. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Ciwo kam na san da shi, Babba. Hoto ne ban sani ba."

"Kin ji? Mai ciwon Allah da Annabi sassaƙe take nema, ba hoto ba. In ba ta san laifi na ba, don mi ta goge?"

"Don kada ka gani, Yaya."

"To ga shi na gani. Allah ba ya barci."

Ya jefa wayar a akwatin ƙarfe da ke ɗakinsa, ya datse da kwaɗo, ya zura mabuɗi a aljihu. Hajara ta durƙusa a ƙofar ɗakin.

"Yaya, don girman Allah. Ta wayar nan za a kira ni ranar aiki. Lambar Sista ma ciki take, ban haddace ba."

"In ta kira ni zan ɗauka. Kuma ƙafarki kada ta fita gidan nan sai ƙura ta lafa. Duk wanda ya gan ki asibiti ya san ke ce."

Wanda ya sanar da maza bakwai cewa ita ce, shi ne yake gudun kada a sani.

Ƙura ba ta lafa ba, ƙafa ta yi. Auwal ya rantse bai ba kowa ba, kuma ta wani fanni gaskiya ya faɗa: abokinsa guda kawai ya tura wa, shi ma don ya ga ikon Allah. Daga nan bulutut ya karɓi aiki. 'Yan kabu-kabu suna haɗa wayoyi baki da baki a inuwar tasha, hoton ya hau jirgin ruwa zuwa Wara, ya bi motar shinkafa zuwa Shanga. Gwamnati ta yi shekaru tana neman hanyar da za ta isar da saƙon rigakafi zuwa tungayen bakin ruwa ba ta samu ba. Hoton Hajara ya gama zagaya su cikin kwana goma.

Mata suka fara zuwa gaishe da Inna da azumi. Wasu rabon su da gidan tun sunan ɗan fari. Kowace sai ta ce bari ta leƙa ta gaida mara lafiya, kuma kowace idonta sai ya tsallake mara lafiyar ya sauka a bango. Mace ba ta kasa gane jeren 'yar'uwarta. Suna ƙirga kwanukan da ido, su dubi agogon, su ce Allah ya sawwaƙe.

Inna ta yi tunani ta samo mafita. Ta sauke jeren duka, ta zuba kwanukan a buhu, ta cire agogon ta tura ƙarƙashin gado, ta sa aka shafe bangon da farar ƙasa. Cikin yini guda bangon ya warke sarai. Ƙululun kuwa ya kai girman ƙwallon goriba.

Da Bilyaminu ya kira, a wayar Illo ya kira. Illo ya miƙa wa Hajara, ya tsaya taku biyu daga ita yana sakace.

"Har nan an nuna mini," in ji muryar daga nesa. "Wani Banufe ya nuna mini ɗakina, Hajara."

"Kai na fara gaya wa ciwon. Kai ka ce in bi abin da Sista ta ce."

"Ban ce ki yi hoto ba."

"Ka ce wa Yaya shi ba ni wayata. Ko shi bar ni in tahi Yelwa."

Ƙarar ruwa ta biyo ta cikin wayar.

"Duk abin da Yaya ya yanke. Ni ina nesa. Ki yi haƙuri."

Ranar goma sha bakwai ga azumi Auwal ya zo ba da haƙuri, da kwalin dabino. Aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron ƙofar gida, inda maza ke gyaran komar kamun kifi bayan azahar. Malam Abdullahi, tsohon hedimasta, wanda ke sauraren rediyo harsuna biyu, shi ya ɗauki magana.

"Ni dai gwamnati nake zargi. Ƙasar da ta san ciwon kanta, akwai doka. Ba kowane mai janareta ke buɗe shago ya riƙa tona asirin mutane ba. Sai da lasin."

"Malam, ina da difloma," in ji Auwal. "Laifin masu ƙera wayar na. Wayar da ka ce ta goge ta ce maka ta goge, alhali ba ta goge ba, ai maƙaryaciya ta. Da sun yi ta da kyau, ni mi zan tarar?"

"Wa ya bar su sunka shigo da ita? Ba gwamnati ba?"

"Wa ya ƙera ta kafin ta shigo?"

"Ku duka kun yi gaskiya," in ji Illo. "Mutanen Sin ba su da tsoron Allah, gwamnati ba ta da kunya. Mu talakawa a tsakiya."

A daidai nan wani jariri ya fashe da dariya a cikin gida.

Babu jariri a gidan. Hajara ce ta sa wa lambar Sista wannan ƙarar, don Sista ita ke karɓar haihuwa. Wayoyin nan ba su iya riƙon amana ba, amma sun iya ƙara. Dariyar ta fito daga akwatin ƙarfe, ta ratsa ƙofa, ta cika tsakar gida. Hajara ta saki muciya ta ruga. Ta girgiza ƙofar ɗakin Illo, kwaɗo ya amsa mata. Ta juyo ta kama hannun Inna.

"Ita ta, Inna! Wallahi Sista ta! Ki karɓo mabuɗi!"

Inna ta leƙa ta zaure ta kira Babba. Ya waiwayo da fuskar mai azumi.

"Inna, ana maganar manya."

Malam Abdullahi ya ɗan dakata har dariyar ta ƙare, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya, wato kan batun majalisa.

Kwana uku jaririn yana dariya a akwati. Da safe, da azahar, da la'asar. Hajara takan zauna a ƙasa ta jingina da ƙofar, tana saurare. Illo ya ce ba zai yi magana da matar da ke sa matan aure tuɓewa gaban waya ba. A rana ta uku dariyar ta shaƙe, ta yanke a tsakiya. Ranar kasuwa da buhu ya zagaya, waya guda ba ta shiga ba.

Sista ta aiko saƙo ta bakin wani mai jirgin ruwa: likitoci sun iso, kwana biyar za su yi. Saƙon ya bi hanyar da kowane saƙo ke bi a gidan, ya faɗa hannun Illo.

"Ka ce mata mun gode. Ta samu sauƙi."

Bayan sallah Hajara ta yafa mayafi da hantsi ta fita ba ta tambayi kowa ba. Ta isa mashaya, inda jirage ke lodin kifi. Idanu suka juyo kanta. Wani ya zunguri wani. Hannaye biyu uku suka shiga aljihu.

"Yelwa za ni," ta ce wa mai jirgin farko.

"Yaya Illo ya ce kada a ɗauke ki."

Na biyu ya ce jirginsa ya cika, alhali kwando uku ne a ciki. Mai kabu-kabun da ke bakin hanya ya ce tayarsa ta yi sanyi, yana magana yana kallon ƙirjinta, kamar mai duba ko kaya sun yi daidai da talla. Ta koma gida da ƙafarta. Ba ta sake fita ba.

Inna ta shiga dafa sassaƙe. Ta ce irin wannan ciwon ba ya son ƙarfe, da ma Allah ne ya kiyaye da ba a yanka ba. Wurin ya taurare, fatar ta yi ƙoƙi-ƙoƙi kamar bayan lemo, hammata ta kumbura. Hannun hagu ya daina ɗaga tulu, daga baya ya daina ɗaga kofi. Kafin babbar sallah wurin ya fashe. Inna ta ƙara turaren wuta a ɗakin. Mata sun daina zuwa gaisuwa, tunda babu sauran abin gani a bango.

Zagayen rigakafi ne ya kawo Sista Uwani tungar, da akwatin ƙanƙara a bayan babur. Tana ɗiga wa yara magani a tsakar gidan ta ce, "Ina wadda anka ce ta samu sauƙi? In gan ta in yi mata barka." Ba ta jira izini ba. Ta ɗaga labule ta shiga. Ba ta yi minti biyu ba ta fito.

"Wane na Illo?"

"Ga ni, Malama."

"Sau goma sha tara na kira. Sunanta na uku a takarda. Na riƙe mata gado har ranar da likitoci sunka tahi. Kai ka ce ta samu sauƙi?"

"Malama, mu mutunci muke karewa. Ke kinka jawo, da hotonki. In laifi kike nema, ga masu ƙera waya nan, ga gwamnatin da kike wa aiki."

"Gwamnati ta sa kwaɗo ga akwatinka?"

"Ki iya bakinki. Nan gidan mutane na."

Labule ya motsa. Hajara ta fito tana dafa farin bangon. Ta rame har zanen ya zagaya ta sau biyu. Ta tako har gabansa, kusa fiye da yadda ta taɓa tsayawa tun da aka kawo ta gidan, ta ɗaga kai ta dube shi.

"Yaya, ka ce a hiddo maka abin da na goge. Wancan tsohon hoto na. Ga na yau."

Ta janye mayafin, ta cire tsumman da ke kai.

"A'uzubillahi!" Illo ya rufe fuska da hannun riga ya juya baya. "Inna, rufe ta! Ba ta da kunya?"

"Duba mana, Yaya. Ai ka iya dubawa."

Bai duba ba. Mutumin da ya tsaya gaban kwamfuta ya ga hotuna huɗu ɗaya bayan ɗaya har ya gane agogo, ya fice zaure yana tofar da yawu.

Sista ta ce in ba a kai ta Sakkwato cikin satin ba, za ta tafi wurin hakimi da kanta. Wannan Illo ya fahimta. Aka ɗauki shatar mota daga Yelwa. Shi ya zauna gaba, tunda shi ne babba. Direban, wani mai furfura a gemu, shi ya taimaka wa Inna aka shigar da ita ɗakin likita, ya tsaya bakin ƙofa riƙe da jakarta.

Likitan ya karanta takardar da Sista ta rubuto, ya duba Hajara, ya wanke hannu.

"An rubuta nan cewa akwai hotunan farkon ciwon. Ina son in ga yadda ya faro."

Illo ya zaro memorin daga aljihu da ɗan alfahari, kamar mai miƙa shaida. Aka sa a waya. Wa'azi ne talatin da biyu. Na farko a kan haƙƙin maƙwabtaka.

"Babu sauran kwafi a wani wuri?"

Daga bakin ƙofa direban ya yi tari, ya sosa ƙeya.

"Likita, in na Tungar Gwanki na, akwai su ga wayata. Duka huɗun."

Likitan ya dube shi, ya dubi Illo, ya miƙa hannu. Ya daɗe yana kallon hoton farko.

"Na yaushe ne wannan?"

"Ƙarshen Rajab," in ji Hajara.

"Da a lokacin kuka zo, da ƙaramin aiki ne." Ya ajiye wayar a kan tebur. Abin da ya rage ya faɗa wa Illo da Inna a waje, a hankali, ya rubuta maganin rage zafi.

Hajara ta juyo da kai a kan filo.

"Malam direba."

"Na'am, Hajiya."

"Likita ya gama. Ka goge."

Ya matso da wayar gaban idonta. Ta tambaye shi da Turanci sau huɗu, ya amsa sau huɗu. Ya rantse da Allah sun tafi.

Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Ni ma haka na goge nawa."

Ta cika a farkon Muharram, a ɗakin nan mai farin bango. Bilyaminu ya iso bayan an yi wanka. A zaman makoki Malam Abdullahi ya ce yanzu kam dole gwamnati ta yi doka. Auwal, wanda Ajiyarsa ke nan lafiya ƙalau, ya ce sai dai a rubuta wa kamfani. Aka yi ta har la'asar ba a daidaita ba.

Amma a maƙabarta kowa ya yaba wa Illo. Da aka zo saka ta, aka shimfiɗa mayafi bisa kabarin kamar yadda ake yi wa mace. Shi ya riƙe gefe guda da hannu biyu, ya ja shi tam, yana daka wa jama'a tsawa.

"Ku matsa baya! Ku kau da ido! Matar mutane ta!"